Babi na Bakwai: Magagari a Wuyan Jita

Wuyan garaya sanda ce sumul. Haka na gurmi, haka na molo, haka na kuntigin da Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da shi har rasuwarsa a 2015. Babu wata alama a jikin sandar da za ta nuna wa makaɗi inda zai danna. Yatsa ne ke laluben wurin, kunne ya gaskata shi. Shi ya sa mai garaya ke iya jan sauti sama ko ƙasa kaɗan don ya bi hawa da saukar maganar mawaƙi, shi ya sa kuma yaron makaɗi kan daɗe yana bin ubangidansa kafin hannunsa ya faɗa.

Masu ƙera jita wata hanya suka bi. Sun kakkafa siraran ƙarafa a gicciye a kan allon wuya, daga 19 zuwa 24 gwargwadon irin jitar, kowanne yana raba gaɓa da gaɓa. Idan ka danna tsirkiya a bayan ƙarfe, sai ta kwanta a kansa, ƙarfen ne kuma zai yanke tsawon da zai kaɗa. Da wannan dabara, wanda ya fara koyo jiya zai fitar da sauti daidai yau. Amma an ɗauke nauyin daga kan yatsa an ɗora wa ƙarfe, ƙarfe kuwa yana cinyewa, yana ɗagowa daga mazauninsa, wani lokaci ma tun daga kamfani ba a kafa shi daidai ba. Duk gwanintar makaɗi, in ƙarafan gaɓa suka karkace, jitar ba za ta yi masa biyayya ba.

Da can ba ƙarfe ba ne. Molon Turawa na ƙarni na 16 da igiyar hanji ake ɗaure masa gaɓoɓi, makaɗi ya matsar da su yadda ya ga dama, kuma har yau haka Turkawa ke yi wa nasu saz, sai dai da zaren roba. Ud na Larabawa kuwa irin namu ne, wuyansa sumul. A 1581 Vincenzo Galilei, mahaifin masanin taurarin nan Galileo, ya rubuta ƙa'idar raba tsawon tsirkiya gida 18 a ɗauki kashi ɗaya a kafa gaɓar farko, sannan a raba ragowar gida 18 a kafa ta biyu, a yi ta tafiya haka. Lissafin da ake amfani da shi yanzu 17.817 ne. A jita mai tsirkiyar roba wadda tsawonta daga ƙashin kai, inda tsirkiya ke hawa a saman wuya, zuwa jaki ya kai milimita 650, ƙarfen farko yana faɗowa a milimita 36.5, na 12 kuma a tsakiya cif, milimita 325. Yawancin jitar kamfanin Fender tsawon tsirkiyarta inci 25.5, ta kamfanin Gibson inci 24.75. Na kawo waɗannan alƙaluma ne don mai gyara ya san cewa a wannan aiki rabin milimita ba ƙaramin abu ba ne.

Shi kansa ƙarfen, in ka zaro shi ka duba, yana da kai mai tudu wanda tsirkiya ke hawa, da siririyar ƙafa mai ƙananan haƙora wadda ake bugawa cikin tsagar katako. Yawanci gaurayen jan ƙarfe ne da nikel da tutiya; mai kyau yana da nikel kashi 18 cikin 100. Fari ne ƙal kamar azurfa amma babu azurfa ko ƙwaya a cikinsa. Tudun sabo bai wuce milimita 1 zuwa 1.4 ba. Wannan ɗan tudun shi ne dukan jarin mai gyara.

Jita ba ta da yawa a Ringim, kuma ba abin mamaki ba ne. Kiɗan zamani na Hausa a kan fiyano ya ginu, musamman tun da waƙoƙin fim suka kankama a Kano. Jitocin da ke shigowa, a hannun ɗalibai ne, da masu yi wa ƙasa hidima, da mawaƙan coci, da 'yan samarin da suka kamu da kiɗan Buzaye a waya. Kusan duk daga Sabon Garin Kano ake sayo su, yawanci gwanjo ko masu araha na China. Idan ta lalace, shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a sa ta a mota ta bi ta Zakirai da Gezawa a kai Kano. Sau da yawa ba sai an yi haka ba. Kayan aikin da ake bukata suna nan warwatse a cikin gari, wajen kafinta, da mai gyaran babur, da mai fentin mota, da mai haɗa tagar alminiyam.

Abin da ya fi wahalar da jita a wannan yanki ba hannun makaɗi ba ne, iska ce. Kamfanonin da ke ƙera ta suna son ta zauna inda damshin iska yake kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A nan, daga Disamba zuwa Maris hunturu kan sauko da shi ƙasa da 20, a watan Agusta kuma, lokacin da kogin Haɗeja ya cika ya malala fadamun Ringim da Taura, ya haura 70. Katako yana shan damshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Ƙarfe ba ruwansa. To idan allon wuya ya tsuke a hunturu, sai bakunan ƙarafan su leƙo ta gefe, ka ji suna kartar hannu in ka zura shi sama ko ƙasa, har su fasa fata. Tsagar da ƙafar ƙarfe ke ciki ita ma takan saki, ƙarfen ya ɗago. Wuyan gaba ɗaya yakan lanƙwasa gaba ko baya gwargwadon yanayi. Saboda haka jitar da take lafiya lau da kaka, ana shiga watan Janairu sai ta fara ƙara.

A nan sai an yi hattara, domin kunnen Bahaushe ba ya ƙin zuzar sauti. Masu garaya da molo da gangan suke soka ɗan faifan ƙarfe mai zobba a kan sanda don ya riƙa caccaka tare da kiɗan, mai ganga ma yana son tsirkiyar da ke kwance a kan fata tana rawa. Amma waccan zuza ƙari ce a kan sauti, tana raka shi har ya ƙare. Ta ƙarfen gaɓa kuwa sata take yi: tsirkiya na bugun ƙarfen da ke gaba, ƙarfinta ya zube a nan, sautin ya shaƙe kafin ya kai ko'ina. A jitar lantarki, in aka ja tsirkiya gefe don sautin ya hau, sai ya mutu ɗif a tsakiyar hanya. Ka saurari Bombino, ɗan yankin Agadas, ko Mdou Moctar wanda jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, ka ji yadda yatsunsu ke bugun gaɓa suna ɗagawa da sauri ba tare da sun sake kaɗa tsirkiyar ba. Wannan salo ba ya yiwuwa sai tsirkiya na kusa da allo sosai, tsirkiya kuma ba ta sauka kusa sai ƙarafan sun daidaita.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ji ƙara a ɗauko magagari. Magagari shi ne na ƙarshe. Da farko a duba lanƙwasar wuya. A ɗaure tsirkiyoyi daidai, a danna mai kauri a gaɓar farko da kuma inda wuya ya haɗu da gangar jiki, a duba tazarar da ke tsakaninta da kan ƙarfe na 7 ko na 8. Ya kamata a ga ɗan fili kamar milimita 0.25. Siraran ƙarafan awo da makanikai ke saita bawul da fulogi da su sun isa su gwada wannan. In babu fili sam, wuyan ya miƙe da yawa ko ya koma baya, kuma shi ke kawo ƙara a gaɓoɓin farko. Maganinsa sandar ƙarfen da ke ɓoye cikin wuya, wadda wani ma'aikacin Gibson, Thaddeus McHugh, ya nemi rajistar ƙirƙirarta a 1921. Da alanki ake juya ta: dama ta miƙar da wuya, hagu ta sake shi. Rubu'in zagaye kawai, a dakata katako ya amsa. Wanda ya ji ta cije ya ƙara ƙarfi, zai karya abin da ya fi jitar gwanjo tsadar gyara. Jita mai tsirkiyar roba sau da yawa ba ta da wannan sanda.

Na biyu, a nemi ƙarfen da ya ɗago. A bi su ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da ɗan ƙarfe. Wanda ya zauna daram yana amsawa da kauri, wanda ya saki yana amsawa holoƙo. A danna bakinsa da farce a ga ko yana motsi. Irin wannan ba gogewa yake so ba, zama yake so: a buga shi da ƙaramar guduma mai kan roba ko ta tagulla, an tallafe wuyan daga ƙasa da buhun yashi, sannan a ɗiga masa sufa gulu mai ruwa-ruwa ta gefe, a danne har ya kama. In ka goge ƙarfen da ke motsi, zai nutse lokacin da kake gogewa, ya taso bayan ka ɗauke hannu, ka cinye maƙwabtansa a banza.

Na ga wannan a rumfar wani dattijon kafinta a Ringim, wanda ƙofofi da gadaje ne sana'arsa. Wani saurayi ya kawo masa jita yana cewa gaɓa ta biyar ta mutu. Dattijon ya kwantar da ita a kan tsohon bargo, ya karyo guntun bakin wuƙar yankan kwali, ya ɗora a kan ƙarafa uku. Shiru. Ya matsa gaba ɗaya. Da ya zo kan na shida, guntun ya fara rawa, ƙyas-ƙyas, kamar tebur mai doguwar ƙafa ɗaya.

"Baba, ai na biyar ne ke ƙara," in ji saurayin.

"Na biyar kake dannawa, ɗana. Wanda ke gabansa ne ya tsare masa hanya. Miƙo min gudumar can, ƙaramar."

Bugu biyu, ɗigo ɗaya na gam, ƙarar ta tafi. Bai taɓa magagari ba. Wannan gwaji na ƙarafa uku shi ne ginshiƙin binciken duka, kuma akwai ɗan ƙarfe mai gefe huɗu mabambanta tsawo da ake sayarwa don shi kaɗai, saboda tazarar gaɓoɓi tana raguwa in ana hawa: tsakanin na 11 da na 12 ba ta kai milimita 20 ba. Gefen tsohon katin ATM ma yana yi, in an yanka shi gida-gida. Sharaɗin kawai ya hau ƙarafa uku, kada ya kai huɗu. A gwada ta gefen tsirkiya mai kauri, da tsakiya, da gefen siririya, domin ƙarfe ɗaya yakan yi tudu a gefe guda kawai.

Sai an gama duk wannan, aka ga har yanzu akwai masu tudu da yawa, ko tsirkiya ta haƙa ramuka a ƙarafan farko inda aka fi dannawa, sannan a yi maganar gogewa gaba ɗaya. Aikin irin na mai aski ne: ba ya iya ƙara wa guntun gashi tsawo, sai dai ya rage dogayen su sauko inda guntun yake, abin da ya zube kuma ya zube. Rami ɗaya mai zurfi a ƙarfe na biyu zai sa ka cinye ashirin don ka kai gindinsa. In ramin ya yi zurfi haka, sauya wannan ƙarfen ya fi.

A kwance tsirkiyoyi. A saki sandar ciki ko a ɗaure ta har wuyan ya miƙe sak, a tabbatar da doguwar rula ta ƙarfe. Wannan matakin ne masu gaggawa ke tsallakewa, sai su goge wuya yana lanƙwashe, su cinye ƙarafan kai da na gindi su bar na tsakiya. A rufe allon wuya da salatif na takarda tsakanin kowane ƙarfe, a bar kawunan kawai a waje. In jitar lantarki ce, a rufe maganaɗisun ɗaukar sauti ruf, don kada garin ƙarfe ya shige musu. Sannan a ɗauki baƙar maka a shafa a kan kowane ƙarfe daga gefe zuwa gefe. Wannan tawada ita ce idon mai gyara.

Abin gogewa ba magagarin maƙera ba ne, wannan ya yi kaushi, kuma da wuya ka sami wanda bai ɗan karkace ba. Abin da ake so doguwar sanda mai shafaffen ciki, kamar santimita 30 zuwa 40. Guntun alminiyam mai kusurwa huɗu daga wajen masu taga yana yi, haka tsinken gilashi mai kauri da aka dasashe bakinsa. A gwada alminiyam ɗin a kan gilashi a ga ba ya rawa, haske kuma ba ya ratsawa ta ƙarƙashi. A manna masa samfefa mai lamba 320, irin baƙar nan ta masu fentin mota, ba jar ta kafintoci mai tsakuwa ba. A riƙa tura shi a tsawon wuya, daga kai zuwa gindi, nauyinsa kawai ya yi aikin, ba a dannawa. Allon yawancin jita masu tsirkiyar ƙarfe ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ɗan doro, don haka ana gogewa ana matsawa daga gefe zuwa gefe, kowane layi ya sami adadin tura ɗaya, kada a baje doron.

Bayan 'yan turawa kaɗan a ɗaga a duba. Inda tawada ta goge, nan ne tudu. Inda ta rage baƙa, nan ne kwari. A ci gaba a hankali har samfefa ta taɓa kan kowane ƙarfe, ko da ɗan siririn layi ne. Da zarar baƙin ƙarshe ya tafi, a tsaya. Tura ɗaya bayan wannan asara ce. Wasu masu gyara suna ƙara ɗan gangare daga ƙarfe na 12 zuwa ƙarshe, su liƙa salatif ninki biyu ko uku a kan na 12 su jingina sandar a kai su goge na gaba kaɗan, don tsirkiya ta sami wurin kaɗawa in ana wasa a can sama. A jitar lantarki yana da amfani. Mai kiɗan da bai wuce gaɓa ta bakwai ba, bai bukace shi ba.

Yanzu ƙarafan sun daidaita amma kawunansu sun baje, kuma a nan ne mafi yawan gyaran gida ke tsayawa, a nan ne kuma yake lalacewa. Faɗin ƙarfe milimita 2 ne zuwa kusan 3. In kansa a baje yake, tsirkiya ba daga tsakiya za ta tashi ba, daga bakin gaba za ta tashi, tsawonta ya ragu, sautin ya ɗan hau sama da inda Galilei da magadansa suka lissafa. A tsirkiya ɗaya ba lallai a lura ba. A haɗa uku ko huɗu a kaɗa tare, sai ka ga makaɗi yana ta murɗa maɗauri yana zargin tsirkiya. Dole a mayar wa kowane ƙarfe tudunsa.

Akwai magagari na musamman mai kwarmin ciki da ake yi don wannan, har da mai garin daimon. Amma tsofaffin masu gyara da ƙaramin magagari mai kusurwa uku suke yi, irin wanda kafinta ke wasa haƙoran zarto da shi, kuma ni na fi yarda da shi, don kana ganin abin da kake ci. Sai dai a fara kai shi wajen mai injin wasa wuƙa ya dasashe kusurwoyin nan uku su yi sumul, yadda ko sun taɓa katako ba za su yanka ba. A sake shafa maka. A kwantar da magagarin a gefen ƙarfe, a tura gaba ana ɗan mirgina hannu zuwa sama, a koma ɗaya gefen a yi haka. Baƙin layin da ke kai zai riƙa sirancewa daga dama da hagu. A bar shi ya rage kamar zaren ɗinki a tsakiya, kada a taɓa shi. Wannan zaren shi ne daidaiton da aka sha wahala aka samu. In ya goge a wani ƙarfe, wannan ƙarfen ya koma ƙasa da 'yan'uwansa. Ƙarfe ashirin da biyu, kowanne gefe biyu: aikin yini ne, kuma ya fi kyau da safe a inuwa mai haske, kafin ido ya gaji.

Bakunan da ke kartar hannu kuwa, lokacin gyaransu Fabrairu ne ko farkon Maris, sa'ad da katako ya gama tsukewa. In ka goge su da damina, hunturu na zuwa za su sake leƙowa. In ka goge su a tsakiyar bushewa, ka gama da su ke nan. A bi gefen wuya da lallausan magagari a kwance har ƙarar cin ƙarfe ta sauya, alamar an iso katako, sannan a zagaye kusurwar kowane baki da tura biyu ko uku. Kada a kwantar da bakin ya yi gangare da yawa, siririyar tsirkiya za ta riƙa zamewa ta faɗa gefe.

Saura goge zane. Samfefa 400, sai 600, sai 800, sai 1000 ko sama, kowace ta share sawun wadda ta gabace ta, a bi tsawon ƙarfen da ita a naɗe a yatsa. Soson ƙarfen wanke tukunya ba shi da wuri a nan. A ƙarasa da man goge ƙarfe a tsumma har ya yi ƙyalli. Gwajinsa a ja tsirkiya gefe a kan ƙarfen: in ka ji ƙasa-ƙasa kamar yashi, da saura.

A Jamus akwai injin da ake kira Plek, wanda ke auna kowane ƙarfe da kwamfuta alhali tsirkiyoyi na ɗaure, sannan ya yanke abin da ya kamata, kuma Gibson na amfani da shi a masana'antarta. Ya fi hannu daidaito, babu musu. Sai dai yana aunawa ne a damshin ɗakin da yake, jitar da aka saita a can kuma in ta kwana uku a Ringim cikin Janairu sai an sake taɓa sandar cikinta.

Ƙarfe yana ɗaukar irin wannan gyara sau biyu ko uku a rayuwarsa. In tudunsa ya sauko kusan milimita 0.6, yatsa zai fara gogar katako kafin tsirkiya ta zauna, to lokacin sauyawa ya yi, a ɗumama kowanne da ƙarfen narka dalma na mai gyaran rediyo a zare shi a hankali. Wannan aiki ne na babi na gaba. Wanda ya tsaya a gogewa, abin da ya rage masa shi ne ya ɓare salatif a hankali don kada ya ɗauko fenti, ya shafa wa allon ɗan mai kaɗan in ba mai fenti ba ne, ya ɗaura sababbin tsirkiyoyi, ya mayar wa wuya ɗan filinsa na milimita 0.25. Tunda ƙarafan sun sauka, tsirkiyoyin za su zama sun yi sama a ƙashin kai da kuma a jaki. A danna a gaɓa ta uku a duba tazarar da ke kan ƙarfen farko: in ta wuce kaurin takarda, a zurfafa tsagar ƙashin kaɗan. Sannan a rage jakin daga ƙasansa a kan samfefa shimfiɗe a gilashi, ana tuna cewa duk milimita 1 da aka cire a jaki, rabin milimita ne zai sauka a ƙarfe na 12.